Ni Na Ɓamɓare Sunanki Daga Kwalaben

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye gaban famfo ina ɗauraye kwalabe, mai gadin ƙofa ya leƙo ya ce, "Baba, ka ji labarin Dakta Ƙarama?" Sunan da muke kiranki da shi ke nan. Tun kafin ya ƙarasa na rufe famfon. Motar haya ce ta ƙwace a kan babbar hanya, kina gidan gaba, da akwatin samfurin kayan haƙori a kan cinyarki. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ajali ba na ja da shi. Abin da nake ja da shi na mutane ne, shi ya sa na zaunar da ɗiyata ta rubuta wannan, tunda ni ban yi makaranta ba. Na ce mata kada ta gyara mini magana ko ɗaya.

Shekara talatin da huɗu ina wanke-wanke a ɗakin gwaje-gwajen cibiyar nan, inda ake haɗa abubuwan da za a sa a jikin mutum su zauna lafiya da nama da ƙashi. Babu wanda ya shiga ɗakin nan ya fita da ban san inda ya ƙare ba. Ofis ba su sani ba, ba su ma tambaya. Ni na sani.

Ku shida kuka shigo shekara guda, kowa da sabon digirinsa na dakta da kwantiragin shekara biyu. Dogo ya tsallaka ƙasar waje, yanzu wasu ne ke cin amfanin kansa. Mai Tabarau yana ofishin ba da izinin magunguna, yana buga hatimi a kan aikin da bai kai rabin nasa ba. Sarkin Barci na koyar da 'yan sakandare, an ce ma yana jin daɗinsa. 'Yar Fara ta shiga kamfanin robar ƙarin ruwa. Gajere ya koma kiwon kaji, kuma a cikinku shi kaɗai ya yi ƙiba. Babu ko ɗaya da aka ce masa ya zauna. Ana kawo ku da ɗanyen jini, a tatse ku, a buɗe muku ƙofa, a kawo wasu. Ke kika fi daɗewa, shekara huɗu, don aikinki ya fi ƙarfin a sallame ki da wuri.

Garin ƙashi kike haɗawa, wanda za a cusa a ramin da karaya ko ciwo ya bari, ƙashin mutum ya bi ta cikinsa ya tofo. Da ƙashin saniya kike yin sa. Ni da ke muke zuwa mayanka da bokiti biyu, mahauta na tsokanarki: "Dakta, kare kika ajiye ne?" Ke kuwa ki ce, "Eh, kuma ya fi ku tsabta." Mu dawo mu dafa, mu kankare, mu shanya, ki ƙona a tanda, ki niƙa, ki tankaɗe. Tabon ƙunar da ke wuyan hannunki na dama, ina wurin kika same shi. Kowace kwalba kika cika sai ki yanki koren salatif ki manna, ki rubuta sunanki da kwanan wata. Ban iya karatu ba, amma na san hannunki kamar yadda na san fuskar 'ya'yana.

Kafin zuwanki da hannu tsirara nake wanke kwalaben ruwan guba, fatar yatsuna duk ta saɓule. Mako guda da fara aikinki kika kama hannuna kika juya shi, kika wuce ɗakin ajiya. Daga inda nake na jiyo muryarki. Ma'aji na cewa safar hannu ta masu bincike ce, kika ce, "To rubuta sunana, shi ne hannuna na uku." Da matata ta faɗi ta karya ƙugu, ke kika zo asibiti kika ɗaga hoton ƙashin wajen taga, kika nuna mini da yatsa, a hankali, har na gane abin da likitoci suka yi ta turanta mini kwana uku.

Na kuma tuna zomon nan mai baƙin kunne da aka sa wa garinki a ƙafa. Mako na tara ya dira daga kan tebur da kansa. Kika zauna a ƙasa da farar rigarki, kina dariya kina share ido. Farfesa, shugaban ɗakin, yana taro a wani gari ranar. Bai taɓa ɗaukar zomon nan a hannunsa ba, yana ƙyamar fitsarin zomaye.

Kin tafi haihuwa, kin dawo da goyo, aka ce kwantiragi ya ƙare, babu gurbi. Wata biyu bayan nan gurbi ya fito, aka ba wani da ko kunna tandar bai iya ba, sai da na nuna masa.

Yanzu ga nawa laifin. Mako guda da tafiyarki Farfesa ya kira ni ya ce, "Tsoho, kabad ɗin nan ya yi datti. Ka cire duk koren nan, za a sa sabuwar alama." Na zauna da reza na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, kwalba ɗari biyu da sha huɗu, har ina jin daɗin yadda suka yi fes. Na ɗauka shara ce aka sa ni. Washegari aka manna farare, da wani rubutun. Sai bayan shekara, da Mai Tabarau ya kawo mini ziyara ya ce takardar aikin ta fito a mujallar masana, an kuma yi rajistar garin, kuma babu sunanki ko a gefe, sannan na gane abin da hannuna ya aikata. Kin kai ƙara wurin kwamitin cibiyar, suka ce ki kawo shaida. Littafin aikinki an ce ya ɓace. Aka buɗe kabad, babu kwalba ɗaya mai sunanki. Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da tsintsiya, ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban buɗe baki ba. Tsoron kora ya rufe mini shi. Wannan ban yafe wa kaina ba.

Daga nan kika shiga yawon neman abin yi. Kin koyar na wucin gadi, kin duba ingancin allurai a wata masana'anta, daga ƙarshe kika koma bin asibitocin haƙori da akwati, kina tallar kayan da wasu suka ƙera. Sana'a ce ta halal, ban raina ta ba. Amma mai hannun da ya sa gurgun zomo ya yi tsalle ba ita ya kamata ta zauna a benci tana jiran sakatare ya ce mata ta dawo gobe ba. Kin leƙo ni sau biyu. Na fara maganar, kika ce, "Baba, bar shi kawai. Ina da yara." Na bar shi, don barin ya fi mini sauƙi.

Ranar uku da rasuwarki na je gidanku. Ina zaune a kan tabarma Farfesa ya iso, aka ba shi kujera. Ya ce ke yarinya ce mai ƙoƙari, ya so ƙwarai ki zauna, amma bincike yana son haƙuri, kuma ba kowa ke jurewa ba. Ya ce ke kika zaɓi kasuwanci. A gaban mahaifinki ya faɗi haka, a gaban mijinki, ƙasar kabarinki ba ta ko bushe ba.

Da ya tafi, mahaifinki, tsohon tela wanda idonsa ya fara rauni, ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, an ce kai ka zauna da ita. Ba ta taɓa gaya mini dalilin barinta aikin ba. Don Allah, kasawa ta yi?"

Na ce, "Ba ta kasa ba. Ka ba ni zuwa gobe."

Akwai wata ɗabi'a tawa da ake yi mini dariya a kanta. Ba na jefa abu mai rubutu a kwandon shara, don ban san ko da sunan Allah a ciki ba. Salatif ɗin nan da na ɓamɓare, a jikin kwali na liƙa su, layi-layi yadda kwalaben suke jere a kabad, na tura ƙarƙashin gadona. Shekara shida suna nan. Da farko ban san shaida ce ba. Daga baya na sani, na yi shiru.

Washegari na kai kwalayen. Mijinki ya karanta da ƙarfi, sunanki da kwanan wata, sunanki da kwanan wata, tun daga shekararki ta farko. Mahaifinki yana shafa su da yatsa kamar yana duba ɗinki. Na gaya musu komai, har da rezar. Mahaifinki ya ce, "Ka makara, Malam." Na ce na sani. Ya ce, "Amma ka zo."

Mijinki ya ɗauki hotonsu ya aika wa su Dogo. Su biyar ɗin duk sun amsa, har Gajere daga cikin kajinsa. Kowannensu ya ce zai sa hannu cewa garin naki ne. An rubuta wa kwamiti, ni ma na dangwala yatsa. Wata mai zuwa za a ƙaddamar da garin nan da sunan Farfesa, in ba a tsayar ba. Ban san ko za a tsayar ba. Abin da na sani, ranar Litinin aka kira ni ofis aka ce shekaruna sun ja, in kawo mabuɗai. Na ajiye su a kan tebur na ce, "Ga su. Abin da ke kaina kuma babu mabuɗin da zai rufe shi."

Ga Farfesa kuwa, in wannan ya kai gare ka: kwalba ɗari biyu da sha huɗu ne. Uku na farko sun yi baƙi don tanda ta wuce wuta. Ka faɗa wa kwamiti wace rana ce, in kai ka ƙona su.

'Yata, ki yafe mini. Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi. Duk wanda aka sa wa garin nan ya miƙe da ƙafarsa, Allah Ya kai ladan gare ki, don Shi ba Ya buƙatar alama a jikin kwalba. Allah Ya raya 'ya'yanki biyu, Ya shirya su, Ya sa su girma su ji gaskiyar abin da uwarsu ta yi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinki, da mijinki, da 'yan'uwanki, da abokan aikinki biyar da ke warwatse. Allah Ya ba ku haƙuri. Mu kuma da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya kuma buɗe bakinmu tun mai haƙƙi yana da rai.