Amani, Mai Mayar da Sauti ga Mai Shi

Da an sallame sallar asuba, Amani Salifu ba ya tsayawa hira a ƙofar masallaci. Gida yake wucewa, ya goge panon da ke ba shi wuta daga rana, ya sha kunu a tsaye, ya shige ɗakin da ke jingine da katangata. Shekara ashirin da ɗaya ke nan muna raba katanga ɗaya a nan Tasawa, don haka abin da zan faɗa ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba. Ta cikin bango na ji yawancinsa, kuma ba da son raina ba.

Ɗakin na ƙasa ne, an lulluɓe bangonsa da tsofaffin katifu da kwalayen ƙwai don kada hayaniyar unguwa ta shiga. Akwai tebur ɗaya, da ordinata, wato kwamfuta, wadda ta girmi ƙaramar 'yarsa, da tuluna bakwai masu ruwa daban-daban a ciki, da wata ƙwarya da ya ɗaure wa wayar birkin moto, wato babur. A tsakar gida kuma ya gina rumbu wanda bai taɓa ganin gero ba. A ciki yake ɗaukar murya, wai babu ɗakin da ya kai rumbu shiru. Yakan yi aiki har ƙarfe goma, sannan ya tafi teburinsa na kasuwa inda yake gyaran rediyo da lasifika. A watan jiya ya naɗe teburin, ido ya daina ganin ƙananan wayoyi. Babu wanda ya yi masa taro, babu wanda ya ba shi takarda. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kada mai karatu ya ɗauka masoyin kiɗansa ne ke magana. Na koyar a lakwal, makarantar boko, shekara talatin, shi ya sa har yau ake ce mini Mushe, wato malamin makaranta. Kunnena ya saba da kalangu da goge, kiɗa mai kai da gindi. Abin da Amani ke yi daban ne. Zai ɗauko ƙarar taɓarya, da kukan ƙofar langa-langa, da sawun garken awaki, ya ja wannan ya yi tsawo, ya juya wancan ya fara daga ƙarshe, ya jera su bisa juna har su zama wani abu da ba a rawa da shi, ba a kuma kiran sunan kowa a ciki. Ba a taɓa gayyatarsa biki ba. Ranar da ya fara sa mini, na tambaye shi da zuciya ɗaya ko na'urar ce ta lalace. Ya ce a'a, haka abin yake. Na ce to, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da ya sa na fara kallonsa da wani ido ba kiɗan ba ne, wata doka ce da ya kafa wa kansa. Duk wanda ya ɗauki sautinsa, ba ya fitar da aikin sai ya koma ya sa wa mutumin ya ji. Zai ɗaura lasifika a bayan moto, ya sha rairayi, ya je ya sami maƙeri ko mai daka, ya kunna, ya zauna yana kallon ƙasa. In an ce an yarda, ya kai gidan rediyon gari, inda sukan ba shi rabin sa'a a mako. In an ce a'a, ya dawo da abinsa.

Matan wani gida a Baoudetta har yau suna ba da labarinsa. Ya ɗauki lugudensu, ya dawo bayan wata biyar ya kunna musu. Aka yi ta dariya, sai wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce taɓaryarta ce ke latti a tsakiya, ita kuwa ba za a ji ta a rediyo tana latti ba. Amani ya ce mata lattin nan shi ne daɗin wurin. Ta ce daɗinsa ne, ba nata ba. Ya sake kafa na'ura, aka sake dakan, ya koma gida ya warware aikin wata biyar.

Shekara huɗu da suka wuce ya je wani ƙauye a yankin Kanan-Bakaché, inda rijiya ke da zurfin da ba a jan ruwanta da hannu. Sa ake ɗaura wa igiya, ya yi ta tafiya har wasaki, babban gugan fata, ya iso baki. A yawancin rijiyoyi sai an sami mai jan san. A wannan kuwa babu buƙata, domin akwai Ɗahiru, dattijon da ya shekara arba'in a bakinta. Da wasaki ya iso, sai ya yi wani dogon kira mai hawa a ƙarshe, san ya tsaya cak daga can nesa, ya juyo da kansa. Amani ya kwana uku a garin. Ya zura makirufo cikin rijiya a naɗe da safa, ya ɗauki kukan igiya bisa itace, da zubar ruwa a kwamin shayar da dabbobi, da numfashin sa, da kiran nan na Ɗahiru sau babu adadi.

Shekara uku ya yi yana gina kiɗa a kan wannan kira. Ni shaida ne, don kullum da safe ta bangona yake ratsowa. Ya ja muryar har ta yi kauri, ya yanka ta gunduwa-gunduwa, ya watsa ta cikin ƙarar ruwa, ya sake tattaro ta a ƙarshe. Ko ni da ba na gane komai, akwai safiyar da na tsaya da buta a hannu har ya kashe. Ya aika wani ɓangare ga wasu masu irin wannan kiɗa a Yamai, suka amsa cewa suna da taro, suna son a buɗe shi da aikinsa, ya zo da kansa. Tun da ya fara, wannan ne karo na farko da wani ya neme shi. Matarsa Hafiza ta ɗinka masa sabuwar riga.

Saura kwana goma a yi taron ya ɗaura lasifika ya nufi ƙauyen. Abin da ya faru a can daga bakin Sadiƙu na ji shi, babban ɗan Ɗahiru, don Amani ba mai ba da labarin kansa ba ne.

Ya tarar da wani daban a bakin rijiya. Ashe tun bara hawan jini ya kada Ɗahiru, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Yana ji, yana ganewa, amma ko sunan matarsa ba ya iya kira. Sadiƙu ya tari baƙon a zaure, ya ji abin da ke tafe da shi.

"Malam Amani, ka tahi da abinka," in ji Sadiƙu. "Ni ne babban ɗanshi, na yarda. Baba ma da shina magana, ba shi hana ka."

Amani ya ce, "Ba muryarka na ɗauka ba, Sadiƙu. A kai ni wurinshi."

Aka shiga da shi. Ɗahiru na kwance bisa tabarma a inuwar ɗaki, matarsa Mairo na zaune a gefe. Amani ya gaishe su, ya ajiye lasifika, ya kunna. Da ƙarar igiya ta fito, idon dattijon ya buɗe sosai. Da aka zo zubar ruwa, Sadiƙu ya ce har leɓensa ya motsa. Sai muryar ta shigo, a jaye, a yanke, ta fito nan ta ɓace can. Ɗahiru ya saurara kamar minti biyu. Daga nan ya dafa ƙasa da hannunsa mai lafiya, ya yi ta fama har ya juya jikinsa, ya ba su baya, fuskarsa na kallon bango.

Amani ya kashe na'ura.

Mairo ta ce, "Mai rediyo, mi ka yi ma muryar?"

"Na ja ta ne, Inna. Na rarraba ta, don ta..."

"Ita ɗai ta rage mishi," in ji ta, ba da faɗa ba. "Ta bakinshi Allah ya amshe. Wadda ya ba ka ajiya, kai kuma ka kakkarya ta."

Sadiƙu ya raka shi har bakin moto yana ba shi haƙuri, yana cewa ciwo ne, Baba bai san abin da yake yi ba, kuma ai bai ce a'a ba. Amani ya ce ai kuwa ya ce a'a, kowa ya gani.

Ya dawo Tasawa ya sanar da mutanen Yamai cewa aikin ba zai fita ba. Suka ce ya kawo wani, ya aika musu na lugude, suka yi godiya, ba su sake kira ba. Na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba. Na same shi a ɗakin na ce ya cire muryar ya aika sauran mana. Ya ce, "Mushe, in an zare ginshiƙi, mi ya rage ga soro?" Na ce to ya sa wani ya yi kiran. Ya ce ya gwada da bakinsa, ko akuya ba za ta juyo ba. Bayan mako guda Hafiza ta ninke rigar ta sa a akwati. Na tambaye shi daga baya ko abin yana masa ciwo. Ya ce kullum.

Mako biyu bayan wancan zuwan ya sake hawa moto. Wannan karon ba lasifika, sai wata ƙaramar waya mai manyan maɓallai. Ya zuba mata kiran Ɗahiru yadda ya fito daga bakinsa, ba ja, ba yanka, ya gyara ta yadda dannawa ɗaya ta isa. Ya ajiye ta kusa da hannun dattijon mai lafiya, ya yi sallama. Sau biyu wayar na mutuwa tun daga nan, ɗaya ta faɗa ruwa, ɗaya batir ya kumbura. Duka biyun Sadiƙu ya aiko, Amani ya je ya sake zuba muryar a wata.

Kai ne, Amani, ka yi kuskuren, kuma ba zan wanke ka ba. Ka ɗauki muryar mutum tamkar ƙarar igiya, ka manta tana da mai ita. Amma kai ne kuma aka buɗe wa ƙofa sau ɗaya a shekara ashirin, ga ɗan mutum ya ce ka wuce, ga babu mai kai ƙararka ko'ina, ka tsaya ka nemi amsa daga wanda ba ya iya magana. Da ya ba ka ita da bayansa, ka karɓa. Na zauna da mutane da yawa masu ilimi da muƙami, kaɗan ne na san za su iya haka. Mai rumbun da ba gero, mun gode.

Yau kowa na da waya mai ɗaukar hoto da murya. Ana ɗaukar tsohuwa tana kuka a gidan rasuwa, kafin ta share hawaye ta zaga duniya. Ga matasanmu masu ɗakunan kiɗa, da masu rediyo, da mu masu rubutu, ba na cewa ku yi irin kiɗan Amani, don ni ma har yau ban iya sauraronsa ba. Dokarsa nake cewa ku ɗauka. Abin da ka ɗauko wurin mutum, koma ka nuna masa kafin ka nuna wa duniya.

Da na gama wannan rubutu na zaga na karanta masa. Ya gyara mini wuri ɗaya, ya ce tulunan bakwai ne, ba shida ba. Sannan ya ce, "Ka karanta ma Ɗahiru?" Kunya ta kama ni, don ko a raina ban kawo ba.

Ranar kasuwar Kanan-Bakaché na shiga mota, daga can Sadiƙu ya ɗauke ni a moto. Na zauna a gefen tabarma na karanta wa dattijon tun daga farko, har wurin da ya juya wa bango fuska. Idonsa na kaina har na kai ƙarshe. Na naɗe takarda na jira. Sai ya miƙa hannu ya lalubo wayar, ya danna. Kiran ya cika gidan, dogo, mai hawa a ƙarshe, muryar ƙaƙƙarfan mutum. Mairo ta fito daga madafa da ƙwaryar ruwa, ta dube shi, ya nuna ni da ido, ta miƙo mini.

"Ka gani ko, Mushe," in ji ta. "Shekara arba'in da biyar da aure, yau da kiran san rijiya aka kirana. Kuma ina amsawa, don ba ni da wani abin da na hi so in ji."

Na sha ruwan. Ɗahiru bai juya ba, shi ya sa kuke karanta wannan.