Bat na Kirya

Ban taɓa iya kallon wasan kurket a zaune ba. Da zarar mai jifa ya fara gudu sai in ji ƙafata ta hagu tana neman matsawa gaba da kanta, gwiwar hannuna tana ɗagawa, kamar ni aka tsayar a fili. Mutanen gidana sun daɗe da daina tambaya. Abin haushin kuwa, wasan nan da na ƙare rayuwata ina bi a rediyo da jarida, ban taɓa buga wa wata ƙungiya shi ba. Sau ɗaya na kusa, cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin, ina ɗan shekara goma sha biyar a makarantar Midil a birni.

Ga wanda bai san wasan ba, ba shi da wuyar faɗa. Ana kafa turaku uku a bayanka, kowanne bai wuce ƙugu ba. Wani ya sheƙo a guje ya jefo ƙwallon fata ja, mai tauri kamar dutse, ya dira sau ɗaya a kan tabarmar da aka shimfiɗa, ya taso maka. Kai kuma kana riƙe da katakon bugu, wanda muke kira bat, faɗinsa bai fi tafin hannu ba. In ka buga ƙwallon ya yi nisa ka ci maki. In ya wuce ka ya taɓa turakun, ka fita ke nan, sai ka koma inuwa ka yini kana cizon yatsa. A ƙwallon ƙafa mutum ya yi kuskure goma a manta, a nan kuskure ɗaya ake ba ka.

Malamin da ke koya mana wani dogon Bature ne mai jan wuya, kuma magana ɗaya gare shi daga farkon shekara har ƙarshenta: a riƙe bat a tsaye. Ka kai ƙafar hagu inda ƙwallo zai dira, kanka a bisa ƙwallon, gwiwar hannu sama, fuskar bat ta rufe hanya kamar ƙyaure. Dalilinsa mai kyau ne. In bat yana tsaye, tsawonsa duka yana kare turaku. In ka kwantar da shi ka sharo daga gefe, to sai dai in sa'a ta haɗa ku da ƙwallon. Ni kuwa ɗan manomi ne, hannuna ya saba da sara. Ina da ido, ina da ƙarfi, kuma in na sami ƙwallo sai an je nemansa bayan ɗakin girki. Amma cikin jifa huɗu, ɗaya sai ya bi ta ƙarƙashina ya watsa turaku.

Ana gobe za a ba mu hutun damina malamin ya kira ni. Ya ce in an dawo za a zaɓi mutum goma sha ɗaya da za su kara da wata makaranta, goma ya riga ya san su, gurbi ɗaya ya rage. In na dawo da bat a tsaye gurbin nawa ne, in na dawo da sarana ya ba wani. Daga nan ya kulle bat ukun da makaranta ta mallaka a sito, ya sa mabuɗi a aljihu.

Babbar mota ta sauke ni a Kwanar Dangora, sauran tafiyar zuwa ƙauyenmu, can tsakanin Tudun Wada da Doguwa, rabi a kan jakin wani ɗan koli na yi ta, rabi a ƙafa cikin taɓo. Duk hanya lissafi ɗaya nake yi: mako shida, ba bat, ba ƙwallo. Ƙwallo dai na san goruba za ta yi. Bat kuwa, kafin in hango rumbunan gidanmu na riga na yanke cewa Kawu zai sassaƙa mini.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne masassaƙin yankinmu. Turmi, taɓarya, akushi, ƙotar fartanya, duk wanda yake son abin da zai bar wa 'ya'yansa wurinsa yake zuwa. Yana da wata ƙa'ida da kowa ya sani: ba ya aiki da awo, ba ya aiki da kwatance. In ka zo neman ƙota sai ya miƙa maka wata tsohuwa ya ce ka sunkuya ka yi noma a gabansa. Ya duba tsawon hannunka, da yadda bayanka ke lanƙwasa, da inda nauyinka ke sauka, sannan ya sassaƙa abin da ya dace da kai. Ƙotar da ya yi wa babana, in wani ya ara sai ya dawo yana kukan ciwon baya.

Na same shi da hantsi ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gidansa, da gizago a hannu, da mutum biyar ko shida zaune suna jiran aiki. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi birni da karatu, sannan na faɗi buƙatata. Na zana masa bat a ƙasa da tsinke, har da mariƙi. Ya duba zanen kaɗan, ya sa ƙafa ya shafe. Ya jawo wani sanda ya miƙo mini.

Ya ce, "Yi aikin in gani."

A nan na yi ɓarnar. Ku tuna yadda bugun gaskiya yake: mutum ya tura ƙafa gaba, ya sunkuyar da kai, ya dangwara katako a ƙasa ya tsaya cak, kamar tsohuwa mai tare kaza a bakin ƙofa. A filin makaranta wannan abin yabo ne. A ƙarƙashin ɗorawar Kawu, gaban manoma shida da suka riga suka fara murmushi tun da suka ji ɗan boko yana son a sassaƙa masa abin wasa, sai na ji ba zan iya ba. Na ɗaga sandan har bayan ƙeya, na sharo shi daga gefe da duk ƙarfina, iska ta yi kuka. Wani dattijo ya ce lallai yaron nan ya ci tuwo. Kawu ya sa na maimaita sau uku, yana zagaya ni, yana taɓa kafaɗata. Ya tambaye ni ko haka aikin yake kullum. Na ce haka yake.

Kwana tara ya yi. Da ya aiko a kira ni, na tarar da abin naɗe cikin tsumma. Kirya ce, icen turmi, ja-ja mai duhu, ya goge ta da man kaɗanya har tana ƙyalli. Mariƙin ya zauna a hannuna kamar da shi aka haife ni. Amma daga tsakiya ya lanƙwashe, ƙarshensa ya yi kai mai nauyi kamar na ƙotar gatari, don duk ƙarfin bugu ya taru a can. Na sharo shi sau ɗaya, ya tafi da kansa, har ya kusa juya ni. Ban taɓa riƙe abin da ya dace da mugun halina kamar wannan ba. A tsaye kuwa ba ya ko tsayuwa.

Shekaru da yawa bayan haka na karanta cewa bat na farko a ƙasar Turawa ma haka yake, mai lanƙwasa, don a lokacin gangaro ƙwallo ake yi a ƙasa, mai bugu ya share shi. Sai da aka fara jefo shi yana dira yana tashi sannan aka miƙar da katakon. Na kuma koyi cewa icen da suke amfani da shi fari ne, marar nauyi, na bakin rafi, wanda ke lotsawa ba ya tsagewa, irin icen da Kawu ko a murhu ba zai so shi ba. Wato Kawu, da bai taɓa ganin wasan ba, ya duba jikina ya sassaƙo kakan bat. Da na karanta na yi dariya, amma a ranar nan ban yi ba. Na yi godiya, na sake godiya, na tafi da shi gida ina jin kamar in yi kuka.

Yaya zan ce wa Kawu aikinsa bai yi ba? A wurinmu ko baƙo ba ya faɗa wa masassaƙi haka, balle ɗan ƙanwarsa. Kuma aikinsa ya yi, abin da na nuna masa shi ya ba ni.

Makonnin da suka biyo baya ban zauna wuri ɗaya ba. Da safe ina gona tare da babana muna maimai, ina cire dawa a maimakon ciyawa, yana yi mini faɗa. In an tashi sai in kasa cin abinci, in fita, in dawo, in sake fita. Na ɗaure goruba da igiyar rama a reshen tsamiya bayan rumbunanmu, inda ba mai wucewa, ina tura ta tana dawowa ina tarewa da wata tsohuwar muciya da innata ta yar. Muciya ba ta da nauyi, ba ta da fuska, ba abin da take koya wa hannu. Wani lokaci haushi ya kama ni in ɗauko na Kawu in yi ta sharar gorubar har igiya ta tsinke, in ji daɗi, sannan in tuna cewa kowane bugu irin wannan nisanta ni yake yi da gurbin. Ina ƙirga kwanaki a jikin rumbu da gawayi. In na haɗu da Kawu a masallaci ya tambaye ni yaya sandan, in ce lafiya lau.

Saura kwana shida in koma, da la'asar, ina bayan rumbu da muciyata, ƙafa gaba, kai ƙasa, sai na ji tari a bayana. Kawu ne, ya zo duba wani turmi da innata ta ce ya tsage. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Nasa bat ɗin yana jingine a jikin tsamiya.

Ya ce, "Sake yi."

Na sake. Ya sa na yi sau uku, kamar wancan karon, amma bai zagaya ni ba.

"Wannan shi ne aikin?"

Na ce shi ne.

"To wancan da ka nuna mini fa?"

Na ce wancan shi ne wanda aka hana ni. Ya kalli gorubar tana lilo. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, kiryar nan shekara uku ya ajiye ta tana bushewa, ba shi da wata, ɗanyen ice kuma a tsakiyar damina ba zai yi komai ba sai murɗewa. Ya ɗauki bat ɗin ya tafi.

Washegari na bi shi gida. Na zauna ina kallo yana sa gizago a kan abin da ya yi kwana tara yana gyarawa. Ya sare kan, ya fefe lanƙwasar, jan ice mai ƙyalli yana zuba a ƙasa. Don a sami miƙaƙƙe daga cikin lanƙwasasshe dole a yar da fiye da rabi. Abin da ya rage gajere ne, faɗinsa yatsa uku, ba kyan gani. Masu jiran aiki suka tambaye shi me ya sami sandan ɗan boko, ya ce shi ne bai duba da kyau ba.

Kwana biyar na yi ina tare goruba da shi, kuma ban taɓa koyon abu da sauri haka ba. Siririn katako ba ya yafe maka. In kanka bai bisa goruba ba, ta wuce. Nauyin kirya kuma ya hana ni ɗaga shi sama. Ranar da zan tafi ina tare ashirin a jere ba kuskure.

An yi gwajin ranar Asabar ta farko bayan mun koma makaranta. Malamin ya buɗe sito, ya ba ni bat na makaranta, ya sa wanda ya fi kowa saurin jifa a cikinmu, ya ce jifa shida zan tsaya wa. Na farko na kai ƙafa na tare, ƙwallo ya mutu a gabana. Na biyu haka, na uku haka. Bayan siririn Kawu, wannan ji na yi kamar ƙofar zaure nake riƙe da ita. Na huɗu da na biyar ma suka mutu. Na ga malamin ya gyaɗa kai, ya zaro fensir.

'Yan ajinmu suna zaune a gefen fili. Kafin jifa na shida wani daga cikinsu ya ɗaga murya ya ce ashe hutu ya mai da sarkin bugu tsohuwa. Aka yi dariya, ba ma da yawa ba. Ƙwallon ya zo a saitin turaku, irin wanda na tare sau biyar. Na ɗaga bat har bayan ƙeya. Ban ji komai a hannuna ba, sai ƙarar itace a bayana.

Aka ba wani yaro mai sanyin hali gurbin. Ya cancanta.

Na rubuta wa Kawu takarda da ajami, don ya karanta da kansa, kada a kai wa wani ya karanta masa a gaban mutane. Layi biyu ce: gaisuwa, sannan ban sami shiga ba. Na so in ƙara dalili, na riƙe alƙalami har tawada ta bushe, ban ƙara ba.

Bayan mako uku wani mai kawo gyaɗa birni daga kasuwar Tudun Wada ya neme ni a ƙofar makaranta da saƙon baka. Kawu yana gaishe ni. Ya ce kada in sa abin a raina, ya san sandan ya yi siriri, ba wanda zai yi nasara da irinsa. Ya riga ya sare wata kirya mai kauri ya jingine ta a inuwa, in ta shekara uku zai yi mini na sosai. Yana tambaya ko zan kai lokacin a makarantar.

Shekara ɗaya ta rage mini. Na ce wa mutumin ya gaya masa na gode.