Sitikar ƙoƙon kai a duron Maman Rifkatu

Jama'a, yau saura ƙiris a soya ƙosai da maganin feshi a Gella!

Da safe aka loda duron maganin ciyawa daga shagona zuwa Gella. Doka ce, ba ya hawa mota sai da sitikar haɗari, mai hoton ƙoƙon kai. Ni na manna ta jiya da hannuna.

Bayan mota ta tashi, na leƙa wurin maƙwabciyata Maman Rifkatu mai kunu. Ga sitikata a jikin duron ruwanta!

"Mama, ina kika samo wannan?"

"A duronka na ɓare. Masu wankin keke sun ishe ni da ɗibar min ruwa. Tun safe ba wanda ya taɓa!"

Innalillahi! Na kira direba. Ya ce, "Oga, shuɗayen duro biyu ne a mota, ɗaya man gyaɗan wata mai ƙosai ne. Wanne ne naka?"

"Kada ka sauke ko ɗaya!"

Na fizge sitikar, na tari keke, sai tashar Gella. Mai ƙosai har ta kawo mai baro! Na duba murfi, na gane nawa, na manna.

Ina dawowa Mama ta tare ni a bakin shago.

"Ɗana, samo min wata. Masu wankin keke sun dawo da bokitai!"