Ƙwayar Dalma a Gwiwar Hannun Kaka Dije

Yau na dawo daga fadama ina jan ƙafafu kamar na aro su wurin wani tsoho. Tun asuba nake gadin shinkafa a wajen Kaoje. Tsuntsaye sun ci, birai sun ci, har ina zargin wani biri da buhunsa ya zo. Bindiga na rataye a kafaɗata wuni guda, ban harba ko sau ɗaya ba. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, wannan bindiga taka dai sanda ce mai nauyi." Amsar wannan magana doguwa ce, kuma daga bakin wutar Kaka Dije ta faro.

Kaka Dije ita ta haifi babanmu. A gidanmu na Bagudo, da an sallame magariba sai ta hura wuta a tsakar gida, ta ɗora ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro. Sauron garinmu kuwa, ba don hayaƙin nan ba, da tuni sun ɗauki ƙanena sun tsallaka da shi Benin ba takarda. Mukan kewaye ta tana ɓarar gyaɗa. A gwiwar hannunta na hagu akwai wani ɗan ƙullutu ƙarƙashin fata, bai fi ƙwayar dawa ba, yana motsi in an taɓa. Har faɗa muke yi kan wa zai murza shi. Ta ce mana tsakuwa ce ta haɗiye tana yarinya, mu kuma muka yarda.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," in ji ta. Mu ce ta zo ta zauna.

Wai an yi wani maharbi mai bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki. Dalmarsa manya ce kamar gurjiya, bakwai yake zubawa. Yana da wata al'ada: duk sanda ya samo sabuwar dalma sai ya rataye tsohuwar tabarma a jikin bishiya, ya ƙirga taki talatin, ya harba. Kullum hujin kan taru wuri ɗaya, faifai ma zai rufe su. Sai ya riƙa bugun ƙirji yana cewa bindigarsa ba ta kallon gefe.

Wata shekara wani gadu ya saka gonar shinkafarsu a gaba, ita ce kuwa abincinsu har baɗi. Ga manyan dalma sun ƙare, mai kawo su daga tsallaken iyaka kogi ya cika ya tare shi. Amaryar maharbi ta ce bari ta taimaka. Ta tattara guntattakin dalma ta narka, ta tsiyaya ta cikin hudajjen gwangwani zuwa ruwan sanyi, suka fito ƙanana ƙanana kamar dawa. A lissafinta, in bakwai na kashe gadu, saba'in har binne shi za su yi. Maharbi ya yaba, ya ɗura, don sauri bai rataye tabarma ba.

A nan Kaka kan tsaya. Ta ɗebi gyaɗa ta watsa wa bango, su sauka kusa da juna. Ta ɗebi gero ta watsa, ya shiga idon wannan, ya shiga kunnen wancan, har kaji su samu rabo.

"Kun gani? Manya tafiyar dattawa su kai, kafaɗa da kafaɗa, ba yawa, amma inda sunka sauka an san sun sauka. Ƙanana ko irinku na, 'yan banza. A buɗe ƙofa kowa shi kama gabanai, kuma kan su kai nesa sun gaji."

Da la'asar gadu ya fito. Amarya na can gefe kan kunya tana korar tsuntsaye. Maharbi ya gan ta sarai, amma ya auna da faifan da ke cikin kansa, ya ga akwai fili, ya harba daga nesa. Gadu ya girgiza jiki kamar ƙuda ya sauka masa, ya ci gaba da cin shinkafa. Amarya ce ta faɗi. Maharbi ya yar da bindiga ya saɓe ta a kafaɗa, gadu kuwa ya kwana yana walima.

"To, laifin wa?" Mu kaure da ihu, wasu na cewa matar, wasu maharbin. Ni nakan ce gadun. Sai ta dungure mini kai. "Kai dai maigidana ba ka da wayo. Laifin tabarma na, da ba ta rataye kanta ba. Ƙurunƙus, ku kwashe ƙafafunku daga wutata."

Sai da na tara gemu sannan na gane. Hannun ya matsa mata da ciwo, na kai ta asibiti aka ɗauki hoto. Ma'aikacin, wani ɗan kudu mai Hausa a baki, ya ɗaga hoton ya ce, "Mama, wa ya harbe ki?" Ko ɗar ba ta yi ba. "Mijina, ɗana. Kuma ni na dafa mai harsashin." Kakanmu ya rasu tun ba a haife ni ba, ban taɓa jin ya riƙe bindiga ba. Ashe tun ranar ya ajiye ta. Shekara da shekaru muna murza tatsuniyar da yatsunmu ba mu sani ba.

To yau da hantsi birai suka sauko gefen gonata, dattijonsu a gaba kamar mai unguwa. Abin da ke cikin bindigata harsashin tsuntsaye ne, mai ƙananan ƙwaya, kuma ban taɓa gwada shi daga wannan nisa ba. A gonar maƙwabci, can gefe, matarsa na duƙe da goyo a baya. Idona ya ce akwai fili. Na ɗaga bindiga, sai gwiwar hannuna ta hagu ta yi wani tsam, na sauke. Na yi ta ihu har muryata ta koma ta agwagwa. Birai suka aske kusurwa guda tas, abincin wata ɗaya ko fiye, kuma zan ji zafinsa a watan bazara.

Da ina yaro na ɗauka Kaka dariya take ba mu. Yanzu na ga ƙoƙari take ta sa mana tsoron "ai na san bindigata", don bindigar ba ta canja ba ran nan, abin da aka zuba mata ne ya canja.

Na ce wa uwargida ta fito mini da tsohuwar tabarmar zaure, gobe da safe ina da aiki da ita.

"Ikon Allah," ta ce. "Birai sun ci shinkafa, kai kuma tabarma za ka harbe?"

Na ce, "E. Ita dai ba ta da gwiwar hannu."