Gefen Ciki na Ƙafar Hagu

Orest Bilyk ya shekara talatin da ɗaya yana wasa ƙarfen da ke ƙasan takalman gudu kan ƙanƙara na ƙungiyar hoki, wasan sanda a kan ƙanƙara, ta garinmu a lardin Manitoba, amma bai taɓa kallon wasa ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Ɗakinsa yana ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, babu taga, sai injin washi da butar kofi da warin safa. Ihun jama'a kawai yake ji ta saman kansa, daga nan yake gane an zura a raga ko an ɓarar.

Ubansa maƙeri ne mai gyara wa manoman alkama garma. Shi Orest ɗan wasa ya so ya zama, ƙafa ta ƙi ba shi gudu, sai ya koma ga ƙarfe kamar ubansa. Ƙarfen takalmin ƙanƙara baki biyu gare shi, na ciki da na waje, da ɗan kwari a tsakani. Orest na shafa babban yatsansa a kai ya san malalaci, ya san mai tsoron karo, ya san wanda ke tausaya wa ƙafa ɗaya.

A wannan sana'a, idan aka yi musayar ɗan wasa da wata ƙungiya, mai washi ne ke fara ji, tun kafin mai jikin. Shi zai cire sunan ɗan wasan daga mazauninsa a ɗakin canza kaya, ya haɗa masa jaka. Kuma masu washi suna da wata al'ada tasu: sai su cusa 'yar takarda a cikin takalmin hagu, su rubuta wa takwaransu na can irin zurfin kwarin da yaron yake so. Manajoji ba su damu da ita ba ko kaɗan.

A shekararsa ta ƙarshe a wurin aka kawo Remi Lavallee, ɗan wasan gaba, shekara ashirin da biyu. Yaro ne mai surutun tsiya, ga gudu kamar an koro shi. Kafin sabuwar shekara ya zura a raga sau sha tara. Gari ya ɗauka. A shagon shan kofi, mutanen da ba su taka ƙanƙara ba tun suna makaranta suka zama masana: wannan ya ce in musaya za a yi, darajar Remi ta kai ta 'yan wasan baya biyu, wancan ya ce ko uku aka bayar an cuce mu. Ana kuma raɗe-raɗin masu babbar gasa sun sa masa ido.

Wata safiya a watan Janairu Orest ya shafa takalmin Remi, ya sake shafawa. Bakin ciki na ƙafar hagu yana nan da kaifinsa kamar ba a taka shi ba. Da Remi ya shigo karɓa, sai Orest ya rufe ƙofa.

"Kai, tun yaushe gwiwar nan?"

"Wace gwiwa, Baba? Tsufa dai ya fara taɓa maka ido."

"Ba da ido nake gani ba. Sati nawa?"

Remi ya yi dariya, dariyar ta mutu a hanya. "Uku. Don Allah, Baba, ka rufa mini asiri. Wata biyu kawai suka rage. Masu babbar gasa suna kallona, in na zauna yanzu shi ke nan."

"In ba ka zauna ba kuma fa?"

"Ni dai ka yi washinka, tsoho. Likita aka ɗauke ka?"

Orest ya san irin gwiwar nan. Akwai wani da ya yi wa washi shekarun baya, ya ɓoye tasa har ta tsinke. Yanzu motoci yake sayarwa, ko matakala ba ya iya hawa sai da riƙe ƙarfe. Tsoron da ya kama shi ke nan, kuma shi ya kai shi ofishin manaja, Delbert Froese.

"Ranka ya daɗe, yaron nan a ajiye shi, a kai shi likita. Gwiwarsa ta hagu ba lafiya."

Delbert ya ajiye biro. "Likita ya gani?"

"A'a."

"Koci fa?"

"Ƙarfe ne ya gaya mini."

"To, ai ƙarfe ba ya rubuta rahoto. Wa kuma ya sani?"

"Ni da kai."

"Madalla. Bar shi a haka, zan duba."

Orest ya sauko yana murna, wai ya ceci yaro. Kai, mutum ya yi furfura a cikin hoki ya kasa gane wannan! Shi gwiwa ya kai wa Delbert, shi kuwa Delbert kaya ya ji an ce sun fara lalacewa kafin masu saye su lura. Bayan kwana uku aka kira Orest a waya: "Haɗa jakar Remi." Wata ƙungiya a yamma ta ba da 'yan baya biyu da damar zaɓen sabon yaro a baɗi, ta karɓi Remi. A shagon kofi aka ce Delbert gwani ne.

Orest ya cire sunan. Ya naɗe safa, ya ɗaure sandunan wasa. Ya yagi takarda ya rubuta wa Arvid, mai washin ƙungiyar can, zurfin kwarin kamar kullum. Sai ya tsaya da biro a hannu. Ya san can za su yi ta sa yaron wasa har ƙafar ta gama lalacewa, ya kuma san abin da zai same shi in maganar ta dawo kunnen Delbert. Ya ƙara layi ɗaya: "Shafa gefen ciki na ƙafar hagu." Ya cusa a takalmi.

Remi ya zo ɗaukar jaka, idonsa ja.

"Kai ka faɗa?"

"Ni na faɗa."

"To, sannu da ƙoƙari, Baba." Ya saɓa jaka ya fita.

Arvid ya shafa, ya kira likitansu. Aka yi wa Remi aiki a gwiwa, wasansa na shekarar ya ƙare, masu babbar gasa suka juya ga wani yaron. Manajojin biyu suka yi ta zage-zage a waya, kuma ba a daɗe ba aka san inda maganar ta fito. Da kakar wasa ta ƙare aka sallami Orest da agogon bango da jawabin godiya. Ya koma bayan wani shagon kayan ƙarfe yana yi wa yaran makaranta washi. Bai taɓa cewa an zalunce shi ba, bai kuma taɓa cewa ya yi daidai ba.

Bayan shekara biyu ƙungiyar Remi ta zo wasa garin. Da rana tsaka Remi ya shigo shagon, ya ɗora takalmansa a kan teburi, ko gaisuwa babu. Ya yi ƙiba kaɗan, surutun ya ragu.

"Masu babbar gasa ba su sake nemana ba," in ji shi.

"Na ji."

"Ba za su nema ba kuma."

Orest ya jawo takalman gabansa. Ya ɗauki na dama ya shafa, ya ɗauki na hagu ya shafa, ciki da waje. Duk bakunan sun ci daidai wa daida. Gwiwar ta warke ke nan. Ya sake shafawa.

"Arvid ya yi musu washi jiya," in ji Orest. "Ba sa bukatar komai."

"Na sani, Baba. Yi musu dai."

Orest ya kunna inji. Bai tambaye shi zurfin da yake so ba.