Jar Saniya da Hayaƙin Ranar Asabar

Shekaru sun ɗan ja, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, don haka mai yiwuwa na gauraya wasu abubuwa.

Na gama jami'a ke nan, ina zama a shagon kawuna mai sayar da atamfa a Fagge. Muna da ƙungiyar unguwa da ke yashe kwata duk Asabar ɗin ƙarshen wata. Ni na ba su labarin wani kogo a ƙasar Birnin Kudu, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin dutse, yanzu kuwa leda da robobi sun cika bakinsa. Ban zaci za su ce a je ba.

Mota guda muka cika, ina jin mu goma sha wani abu. Har da Iya, Bayarabiya daga Sabon Gari mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa, ta taho da kular zoɓo.

Da muka isa, Kawu ya daɗe a gaban zanen wata jar saniya mai dogayen ƙahoni, hannuwansa a baya, yana leƙe kamar yadda yake duba yadi.

"Wanda ya haɗa jan nan, da yana Fagge da ya kashe mana kasuwa," in ji shi. "Dubi, ko zuba bai yi ba."

Iya ta ce, "Alhaji, naka da ke zuba tun wankin fari, sai ka roƙe shi sirrin."

Muka share wurin tas. Daga nan aka yi abin da muke yi a gida: a tara shara, a cinna mata wuta. Kawu ya tara ta a bakin kogon, saboda can ne iska ba ta watsa ta. Na san hayaƙi yana ɓata irin wannan zane, na karanta. Amma ƙanin mahaifiyata ne, ga jama'a.

"Kawu, ina ga kamar, wataƙila, da an ɗan matsa..."

"Ɗan boko, in da magana ka yi ta."

Kafin na gama jera ta, ya ƙyasta ashana. Leda ta kama, baƙin hayaƙi ya bi rufin kogon. Sai Iya ta kalli fuskata, ta juye zoɓon nan kaf a kan wutar.

Kawu ya cire rawaninsa zai goge dutsen. A nan ne na daka masa tsawa, karon farko kuma na ƙarshe a rayuwata: "Kada ka taɓa!" Ya tsaya, ya sauke hannu. A mota ya dafa gwiwata ya ce, "Da haka ka faɗa tun farko."

Ya rasu bayan damina biyu. Kafin nan ya sha cewa mu koma mu gaida saniyarsa, ni kuma ina ta kawo uzuri, don tsoron abin da zan tarar. Har yau ban koma ba. In na wuce shagon na ga jan yadi a rataye, ita nake tunawa, da shi a tsaye gabanta.

Wani lokaci ina ganin baƙin hayaƙin ya tsaya a rufi, wani lokaci ina ganin ya sauko har kan ƙahonin. Duk wanda yake cikin motar nan, ko ya je wurin daga baya, don Allah ya aiko mini da gyara. Ko da ba abin da nake so in ji ba ne.