Mai Hoda da baƙin shirin safe

Yayata ta shekara goma sha tara tana shafa wa mutane hoda kafin su shiga gaban kyamara. Ɗakinta yana hawa na biyu a gidan talabijin, daf da ƙofar situdiyo: kujeru biyu masu juyawa, dogon madubi da ƙwayayen lantarki kewaye da shi, sai ƙaramin allo a bango inda take kallon shirin safe. A wurin aiki Mai Hoda ake ce mata. A gida kuwa tun muna yara Baba ya laƙaba mata Me-ya-sa, don ba a faɗar magana a gabanta ta wuce ba ta bi sawunta ba. Ni direban tasi ne, ni nake kai ta da sassafe in ɗauko ta da azahar, saboda haka labaran ɗakin nan a motata ake sauke su.

Da kitso ta fara, a wani shago kusa da tashar bas. Wata mai karanta labarai da take yi wa kitso ce ta ja ta gidan talabijin, wai ta riƙe wurin wata da ta tafi haihuwa. Wata uku aka ce. Har yau tana nan. Takan ce da zarar an ɗaura wa mutum tawul a wuya, girman kansa ya sauka. Ta ga mai muƙami yana maimaita jimla ɗaya kamar ɗalibi mai hadda.

Wata Talata wasu samari uku suka tayar da bam a tashar jirgin ƙasa, mutum goma sha ɗaya suka mutu. Kafin la'asar an fito da bidiyon da suka bari, suna cewa don addini suka yi. A makon nan fasinja yakan buɗe ƙofar motata, ya ga gemuna da carbin da ke rataye a madubi, ya ce yi haƙuri, ya rufe. Yaya kuma, matar da suka shekara suna gaisawa a lif ɗin hawa bene a wurin aiki ta koma duba waya in sun haɗu.

Baƙi biyu gidan talabijin yake kira duk lokacin da irin wannan ta faru. Akwai limamin masallacin bayan kasuwa, dattijo siriri mai ciwon gwiwa, aikinsa ya zo ya yi Allah wadai. Akwai kuma wani marubucin jarida da ake kira Farfesa, ko da yake Yaya ta yi bincikenta ba ta gano jami'ar da ya koyar ba. Shi aikinsa ya ce Musulmi ne matsalar. A kujerunta biyu suke zama kafaɗa da kafaɗa, har Farfesa yana ba Liman shawarar man shafawa na gwiwa.

Farfesa yana da fatar da ba ta jure hodar kowa, sai ta yi masa ƙuraje. Yaya ce ta nemo masa wata marar ƙamshi ta ajiye a aljihun tebur don shi kaɗai. Kullum sai ya tambayi jikin Inna, don ya san tana fama da hawan jini. Ranar Laraba ya tambaya, ya yi godiya, ya shiga situdiyo. Minti biyar bayan nan Yaya tana wanke buroshi ta ji shi a allo yana cewa waɗannan mutane ba a iya zama da su, a sa musu ido gida gida.

Da ta gaya mini, na kusa hawa kan wani mai keke.

"Yaya, gobe ki fenta shi kamar dodon gona. Ki bar shi ya shiga a haka."

"Kai Auta, kalli hanya. Ni ba haushi nake ji ba tukuna. So nake in san wanne ne shi, mai tambayar jikin Inna ko na cikin allo."

Washegari ya dawo. Ta ɗaura masa tawul, ta ce ya rufe ido, sannan ta yi tambayarta.

"Farfesa, jiya da ka ce waɗannan mutane, har da ni?"

"Haba Mai Hoda! Ke ai daban ce."

"To Musulmi nawa ka sani? Ba na jarida ba, waɗanda ka san muryarsu."

Ya fara lissafi ido a rufe. Ita. Likitan haƙorinsa, mutumin kirki. Makanikinsa, wanda bai taɓa cutarsa ba. Malamar lissafin 'yarsa. Liman da ke kujera ta biyu ya ɗaga yatsa, Farfesa ya ce e, har da Malam. Kowa ya ambata sai ya ce wannan daban ne.

"Mu biyar duk daban," in ji Yaya. "To su ɗin a ina ka haɗu da su?"

Ya buɗe ido. Ta ce ba fushi ta gani ba, kallon wanda aka tambaya lambar wayarsa ta ɓace masa ne. Kafin ya ce wani abu aka leƙo aka ce saura minti biyu. Ya shiga ya maimaita maganar jiya, bai rage ko wasali ba. Daga nan ya nemi a canja masa mai kwalliya. Sati biyu wata tana yi masa, fuskarsa ta yi ruɗu-ruɗu da ƙuraje, ya dawo kujerar Yaya. Bai tayar da zancen ba, ita ma haka.

Liman ma bai tsira ba. Ta tambaye shi ko bai gaji da yin Allah wadai da laifin da bai yi ba.

"Wannan zuwa na goma sha huɗu ne, 'yata. In na zo, a ce baki ne kawai. In ban zo ba, a ce shiru na yi. Gara dai in zo. Cikin waɗanda suka mutu a tasha akwai ɗan ladaninmu, ba wanda ya tambaye ni shi."

Bayan wata biyar wani mutum ya shiga wani masallaci a wani gari da bindiga, ya kashe masallata shida. Yaya ta fito da hodar Farfesa ta jira. Bai zo ba, ba a kuma kira Liman ba. Likitar ƙwaƙwalwa aka gayyato, ta yi bayanin kaɗaici da yadda mutumin ya rasa aikinsa. A allo aka nuna hotonsa yana yaro riƙe da kare.

Ta tare furodusan shirin a bakin injin shayi ta tambaye shi me ya sa su samarin tasha ba a nuna hotonsu na yarinta ba. Ya ce ba a samu ba. Ta ce an nema? Ya juya cokali a kofi ya daɗe, sannan ya ce ita ma ta shigo shirin gobe, minti uku, ta faɗi yadda take ji a matsayinta na Musulma. Ta ce za ta shiga in ita za ta yi tambayoyin. Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, ya ce zai yi tunani. Bara ke nan, har yanzu yana tunani.

Farfesa ya kira ta a waya a makon harin masallacin, ya tambaya ko akwai nata a ciki. Ta ce babu. Ya ce to madalla, ya kashe. Har yanzu yana zuwa shirin, kusan maganarsa ɗaya ce, sai dai yanzu yakan ce wasu daga cikinsu. Na ce mata tambayarta ce ta yi aiki. Ta ce ba ta da tabbas, don ta ji an ce lauyan gidan ne ya ja masa kunne.

Kwanan nan hankalinta ya koma kan masu bugo wa shirin waya. In ta sami hutu takan zauna wurin matar da ke karɓar kira, ta ji su wane ne jama'ar da ake cewa sun fusata. Ta gano kusan mutum tara ne suke bugowa kullum, har ta fara gane muryoyinsu. Akwai wani tsoho da yake zagin Musulmi tas, in ya gama ya tambaya ko za a yi ruwa gobe, don yana son shanya kaya. Jiya ta ce in nemo mata unguwar tsohon a taswirar wayata. Na ce ba da motata ba. Ta ce to za ta hau bas.